Gargaɗin saɓanin sigar kanel a sabar hostin: gano dalili kafin a sake kunna na'ura

Duk mai kula da sabar da ke ɗauke da shafukan mutane ya san wannan saƙon. A WHM, allon kula da sabar na cPanel, yana fitowa a shafin Security Advisor, ya ce kanel ɗin da ke aiki, wato zuciyar tsarin Linux, sigarsa kaza ce, amma wanda na'ura za ta tashi da shi nan gaba wani ne daban. A Ubuntu, da ka gama `apt upgrade` sai allo ya tare ka da "Pending kernel upgrade", ko ka shiga ta SSH ka tarar da "System restart required". A AlmaLinux da Rocky Linux umarnin `dnf needs-restarting -r` ne ke kawo maganar. Lafazi ya bambanta, ƙorafin dai ɗaya ne: an gwada lambobi biyu, ba su zo daidai ba.

Yawancin mutane da sun gani sai su sake kunna sabar, kuma sau da yawa hakan ya wadatar. Wahalar tana a sauran lokutan: na'ura ta tashi, gargaɗi yana nan daram, ko ta ƙi tashi sam, shafukan mutane suna kwance, kai kuma ba ka da hanyar leƙa allonta. Dubawar minti goma kafin a taɓa komai ita ke nuna maka wanne daga cikin ukun ke jiranka.

Lambobi uku, ba biyu ba

Kanel shi ne abin da na'ura ke ɗorawa a ƙwaƙwalwarta tun farkon tashi, kuma tana ci gaba da aiki da shi har ranar da aka kashe ta. Girka sabo ba ya taɓa wanda ke aiki. Fayil ne kawai aka ajiye a `/boot`, kamar sabon inji da aka sayo aka jingine a gareji, mota kuwa tana kan titi da tsohon. Don haka a kowace sabar akwai lambobi uku da ya kamata ka rubuta a gefe: kanel ɗin da ke aiki yanzu, mafi sabo cikin waɗanda aka girka, da wanda GRUB, manhajar da ke ɗora kanel lokacin tashi, zai ɗauka idan aka sake kunnawa.

Na farko:

```
uname -r
cat /proc/cmdline
```

Layi na biyun yana nuna `BOOT_IMAGE`, wato ainihin fayil ɗin da aka tashi da shi, kuma zai yi maka amfani a gaba.

Na biyu da na uku, a dangin Red Hat irin su AlmaLinux, Rocky Linux da CloudLinux:

```
rpm -q kernel-core
grubby --default-kernel
```

A CentOS 7 sunan ƙunshin `kernel` ne kawai. A Debian da Ubuntu:

```
dpkg --list 'linux-image*' | grep ^ii
grep -r GRUB_DEFAULT /etc/default/grub /etc/default/grub.d/
needrestart -b -k
```

Umarnin ƙarshe yana fitar da `KCUR`, wanda ke aiki, da `KEXP`, wanda yake sa ran gani, da `KSTA`. Idan `KSTA` ya nuna 1 babu abin da ke jira. 2 ko 3 yana nufin akwai sabo da ba a tashi da shi ba.

Yanzu sai ka gwada. A ce `uname -r` ya ba ka 5.14.0-427.13.1.el9_4, mafi sabo a `rpm` kuma 5.14.0-503.11.1.el9_5. Idan `grubby` ya nuna na 503, ba abin da ya lalace, sake kunnawa kawai ya rage. Idan ya nuna na 427, ko sau goma ka sake kunnawa tsohon zai dawo, gyaran yana wajen GRUB. Idan kuwa lambar `uname` ba ta ma cikin jerin abin da aka girka, to akwai alamar kanel ɗin ba naka ba ne, kuma wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara warwarewa.

Kanel ɗin na waye?

```
systemd-detect-virt
```

Idan amsar ita ce `none`, ƙarfe ne na gaske, wato na'ura ce ta zahiri. Idan `kvm`, `vmware`, `xen` ko `microsoft` ce, na'urar haya ce amma a galibin lokuta tana da kanel nata. Idan kuwa `openvz` ko `lxc` ta fito, kana cikin kwantena, kai ɗan haya ne a gidan da janareta ɗaya ke ba kowa wuta. Kanel ɗin na mai gida ne. Kana iya girka ƙunshin kanel a cikin kwantenar, `dnf` ko `apt` ba za su hana ka ba, sai dai ba za a taɓa tashi da shi ba, kuma girka shi ɗin ne ma ke haifar da gargaɗin, domin manhajar dubawa ta ga sabo a faifai ta ga tsoho yana aiki.

Lambar kanta tana tona asiri. `2.6.32-042stab` OpenVZ 6 ne, wanda aka daina tallafa masa tun 2019. Lamba mai `vz7` a ciki OpenVZ 7 ce ko Virtuozzo. Mai ƙarewa da `-pve` kwantena ce a kan Proxmox. A nan gyaran guda biyu ne: ka cire ƙunshin kanel ɗin da ba shi da amfani a cikin kwantenar, sannan ka tambayi kamfanin da ya ba ka haya yaushe suka sabunta kanel ɗin babbar na'urar. Idan har yanzu a kan `042stab` kake, maganar gargaɗi ƙarama ce. Sababbin manhajoji kan ƙi tashi da saƙon "FATAL: kernel too old", kuma ba abin da za ka iya yi daga ciki sai ƙaura zuwa KVM.

Akwai wani hali na tsakiya da ke ruɗa mutane. Na'ura tana kan KVM ko ma ƙarfe ce, amma kamfanin ne ke ɗora mata kanel daga waje, ba GRUB ɗin cikinta ba. Tsofaffin na'urorin Linode sukan nuna lamba mai ƙarewa da `-linode`, tsofaffin na OVH kuma irin `xxxx-std-ipv6-64`. Wannan ba a gyara shi ta SSH. A dashbod ɗin kamfanin ake canza hanyar tashi zuwa GRUB 2 ko zuwa faifan na'urar. Kafin ka canza, tabbatar akwai kanel na rarrabawar (irin Linux ɗin, kamar Ubuntu ko AlmaLinux) da aka girka, akwai initramfs ɗinsa (ƙaramin fayil mai ɗauke da direbobin da kanel ke buƙata lokacin tashi), kuma an girka GRUB a faifan, in ba haka ba ka cire mata tsani tana sama.

An yi faci, lamba ba ta canza ba

A sabar hostin da yawa akwai manhajar da ke yi wa kanel faci yana cikin aiki: KernelCare, Livepatch na Canonical, kpatch na Red Hat, ko Ksplice na Oracle. Suna toshe ramukan tsaro a ƙwaƙwalwa, amma `uname -r` yakan ci gaba da faɗin lambar ranar da aka tashi. Kowace tana da nata umarnin faɗin gaskiyar lamarin:

```
kcarectl --info
kcarectl --uname
canonical-livepatch status
kpatch list
uptrack-uname -r
```

Idan `kcarectl --uname` na KernelCare ya nuna sigar da ta kai mafi sabo, gargaɗin da manhajar sa ido ta turo maka ba shi da tushe, ita ce ba ta san da facin ba. Idan bai kai ba, gwada `kcarectl --update`. Wani lokaci facin bai fito ba tukuna, domin yakan biyo bayan fitowar sabon kanel da 'yan kwanaki. Wani lokaci kuma lasisi ne ya ƙare, ko kanel ɗin da ke aiki ba ya cikin waɗanda ake tallafa wa. Abin da bai kamata a manta ba shi ne faci yana ƙwaƙwalwa ne kawai. Ranar da wuta ta ɗauke ko na'ura ta faɗi, da abin da GRUB ya zaɓa za ta tashi. Sabar da ta shekara biyu ba a kashe ta ba tana iya ɗauke da tsarin tashi da ya lalace tun watanni goma sha takwas baya ba wanda ya sani. Don haka ko da faci, duba lamba ta uku.

An sake kunnawa, tsohon ya dawo

A nan ne gizo ke saƙa, kuma dalilan suna da yawa. Fara da mafi sauƙi.

A dangin Red Hat buɗe `/etc/sysconfig/kernel`. Ya kamata ka ga `UPDATEDEFAULT=yes` da `DEFAULTKERNEL=kernel-core`, ko `kernel` a CentOS 7. Idan na farko `no` ne, ko na biyu yana ɗauke da sunan wani iri dabam kamar `kernel-uek` ko `kernel-lt`, sabon kanel zai shiga faifai amma ba zai zama zaɓin farko ba. Gyara fayil ɗin saboda gaba, sannan ka saita na yanzu da hannu:

```
grubby --info=ALL | grep -E '^(index|kernel|id)'
grubby --set-default /boot/vmlinuz-5.14.0-503.11.1.el9_5.x86_64
grub2-editenv list
```

Layin `saved_entry` ya kamata ya yi daidai da sabon. Wannan kuma yana aiki ne idan `/etc/default/grub` yana da `GRUB_DEFAULT=saved`. Idan wani ya taɓa sa lamba a wurin, GRUB zai yi watsi da abin da `grubby` ya rubuta.

Daga sigar 8 zuwa sama, jerin kanel ba ya cikin `grub.cfg` kai tsaye. Kowane yana da ɗan fayil nasa a `/boot/loader/entries/`, sunansa yana farawa da lambar shaidar na'ura da ke `/etc/machine-id`. Sabar da aka kwafo daga hoton wata na'ura takan ƙare da fayiloli masu lambar shaida iri biyu, `saved_entry` yana nuna na tsohuwar. Leƙa foldar, ka ga ko sabon kanel yana da fayil a ciki. Idan babu, `dnf reinstall kernel-core-` tare da cikakkiyar sigar zai sake ƙirƙirarsa. Duba kuma a `/etc/default/grub` ko `GRUB_ENABLE_BLSCFG` yana kan `true`. Idan an mayar da shi `false`, ka tabbatar sabon kanel ya shiga `grub.cfg`, in bai shiga ba ka sake gina shi.

Wajen sake ginawar nan a yi hattara, domin umarnin da ke yawo a intanet ba duka ne ya dace da kowace siga ba. Da farko gano yadda na'urar ke tashi: idan foldar `/sys/firmware/efi` tana nan, UEFI ce, idan babu, BIOS ce. A BIOS, `grub2-mkconfig -o /boot/grub2/grub.cfg`. A UEFI a sigar 7 da 8, fayil ɗin yana ƙarƙashin `/boot/efi/EFI/`, cikin folda mai sunan rarrabawar, kamar `almalinux`. A sigar 9 kuwa, ko BIOS ko UEFI, `/boot/grub2/grub.cfg` ake rubutawa. Wanda ke cikin `/boot/efi` ɗan gajeren fayil ne mai nuna hanya kawai, kuma wanda ya rubuta a kansa ya daskarar da tsarin tashi a yadda yake a ranar. Irin wannan kuskuren ba ya nuna kansa nan take, sai bayan sabuntawa ɗaya ko biyu.

A Debian da Ubuntu lamarin ya fi sauƙi. `GRUB_DEFAULT=0` yana nufin na saman jeri, wato mafi girman lamba. Gyara, ka buga `update-grub`, ka karanta abin da ya fitar: dole ka ga layin "Found linux image" da "Found initrd image" na sabon. Hotunan Ubuntu na girgije suna da ƙarin fayiloli a `/etc/default/grub.d/` waɗanda maganarsu ke rinjayar babban fayil ɗin, shi ya sa aka haɗa foldar a umarnin `grep` na sama.

Sai dalilan da ke sa komai ya yi kama da daidai alhali GRUB yana karanta wani wuri dabam.

```
findmnt /boot
findmnt /boot/efi
grep boot /etc/fstab
lsblk -f
```

Idan `lsblk` ya nuna akwai yankin faifai na musamman don `/boot` amma `findmnt` bai nuna an ɗaura shi ba, to duk sabuntawar da aka yi ta zuba ne a foldar `/boot` ta babban yanki, GRUB kuwa yana karanta ainihin yankin da ba a taɓa shi ba tun da daɗewa. Layin `BOOT_IMAGE` yana taimakawa a nan: hanya mai farawa da `/vmlinuz` tana nufin daga yanki na musamman aka tashi, mai farawa da `/boot/vmlinuz` kuma daga babban yanki. Gyaran shi ne a ɗaura yankin, a gyara `fstab`, a sake girka ƙunshin kanel ɗin domin ya sauka inda ya dace.

Ɗan'uwan wannan yana faruwa a sabar mai faifai biyu da RAID 1 na manhaja. Yankin EFI sau da yawa ba ya cikin madubin, kowane faifai yana da nasa, ana sabunta ɗaya, na'ura kuma tana tashi daga ɗayan. `efibootmgr -v` zai nuna `BootCurrent` da yankin da aka tashi daga gare shi. Gwada shi da wanda aka ɗaura a `/boot/efi`.

`/boot` ya cika

Wannan shi ne mafi haɗari cikin dalilan, domin shi ke sa na'ura ta ƙi tashi.

```
df -h /boot
ls -lh /boot
```

Tsofaffin girke-girke sukan ba `/boot` megabait 500 ko ƙasa da haka, kowane kanel kuma da initramfs ɗinsa yana cin gomman megabait, a Ubuntu har ya haura ɗari. Idan wuri ya ƙare a tsakiyar girkawa, `vmlinuz` zai samu shiga, initramfs kuma ya fito rabi ko bai fito ba. `rpm` zai ce an girka, GRUB zai sa shi a gaba, gargaɗi zai ce ka sake kunnawa, na'ura kuma ta tsaya a kan "VFS: Unable to mount root fs". Saboda haka ƙa'idar ita ce: kowane `vmlinuz` dole ya kasance da `initramfs` ko `initrd.img` mai lamba irin tasa, girmansa kuma kusa da na 'yan'uwansa. Wanda ya fito ƙarami ƙwarai abin zargi ne.

Kada ka share fayilolin `/boot` da `rm`, manajan ƙunshi zai ci gaba da ɗauka suna nan. Cire tsofaffi ta hanyarsu:

```
dnf remove --oldinstallonly --setopt installonly_limit=2 kernel
package-cleanup --oldkernels --count=2
apt autoremove --purge
```

Na farko na sigar 8 zuwa sama ne, na biyu na CentOS 7, na uku na Debian da Ubuntu. Idan `apt` ya maƙale saboda girkawar da ta tsaya rabi, sai an samar da ɗan wuri tukuna, sannan `apt --fix-broken install`. Bayan haka sake gina initramfs na sabon:

```
dracut -f /boot/initramfs-SIGA.img SIGA
update-initramfs -c -k SIGA
```

Na farko na dangin Red Hat ne, na biyu na Debian da Ubuntu. Ka sa cikakkiyar lambar kanel ɗin a madadin SIGA. Idan ka buga `dracut -f` shi kaɗai, na kanel ɗin da ke aiki zai sake ginawa, wato wanda lafiyarsa ƙalau. A `/etc/dnf/dnf.conf` kuma `installonly_limit=3` shi ne na asali; a ƙaramin `/boot` mayar da shi 2. Lambar 1 ba ta karɓuwa, kuma daidai ne, domin tsohon kanel shi ne madogararka ranar da sabo ya ba da matsala.

Idan sabon ne ya ƙi zuwa

Wani gargaɗin cewa yake akwai sabon kanel a rumbun ƙunshi amma ba a girka ba, ka buga `dnf update` ya ce ba abin yi. Nemi `exclude=kernel*` a `/etc/dnf/dnf.conf` ko `/etc/yum.conf` da fayilolin `/etc/yum.repos.d/`, ka duba `dnf versionlock list`, a Ubuntu kuma `apt-mark showhold`. Kafin ka cire shingen, nemi dalilin sa shi. Sau da yawa saboda direban katin RAID ne ko manhajar ajiye kwafi da ba ta jituwa da sabon kanel. A Ubuntu, idan an cire babban ƙunshin da ke jawo sabuntawa, kamar `linux-generic` ko `linux-virtual`, kanel zai tsaya cak a inda yake. Akasin haka ma yana faruwa: an taɓa gwada kanel na HWE, layin sabbin kanel na Ubuntu, mai lamba 6, aka koma kan 5.15 da gangan, aka bar na gwajin a `/boot`. `needrestart` yana ɗaukar mafi girman lamba a matsayin wanda ya kamata, don haka zai yi ta ƙorafi har sai an cire wanda ba a so.

Shi ma `needs-restarting -r` a karanta shi da kyau. Lokacin girka ƙunshi yake gwadawa da lokacin tashin na'ura, kuma ba kanel kaɗai yake dubawa ba, har da `glibc`, `systemd` da `linux-firmware`. Agogon na'ura da ya karkace yana iya sa shi ƙorafi ko bayan an sake kunnawa. Umarnin `timedatectl` zai nuna maka.

Mojul da kanel sun saɓa

Wannan saɓanin ba ya zuwa da gargaɗi mai ladabi, wani abu ne kawai ke daina aiki. Kowane mojul, wato ƙarin yanki da ake ɗora wa kanel kamar direba, an gina shi ne don takamaiman kanel, yana zaune a `/lib/modules/` ƙarƙashin lambarsa. Saƙonnin da za ka gani su ne "Invalid module format", ko "version magic" a `dmesg`, ko "Module not found in directory". Na ƙarshen yakan faru idan an cire ƙunshin kanel ɗin da ke aiki: na'ura tana tafiya, amma duk mojul ɗin da ba a riga an ɗora ba ya tafi, sai katangar tsaro ta fara cewa ba ta ga teburin `filter` ba. Mai amfani da katangar tsaro ta CSF ya gwada `perl /etc/csf/csftest.pl`.

```
ls /lib/modules/
modinfo -F vermagic SUNAN_MOJUL
dkms status
```

Mojul ɗin da ba na rarrabawar ba, irin na ZFS ko na manhajojin ajiye kwafi kamar R1Soft da Acronis, sai an gina su ga kowane sabon kanel, hakan kuma yana buƙatar `kernel-devel` ko `linux-headers` mai lamba daidai da ta kanel ɗin, ba mai kusa da ita ba. Tabbatar `dkms status`, na manhajar da ke sake gina irin waɗannan mojul, ya nuna `installed` a gaban sabuwar sigar tun kafin ka sake kunnawa. In bai nuna ba, `dkms autoinstall -k SIGA`. Idan ginin ya yi kyau amma ɗorawa ta ce "Key was rejected by service", Secure Boot ne ya ƙi sa hannun, `mokutil --sb-state` zai tabbatar. Manhajar ajiye kwafi ita ce ta fi cutarwa a nan, tunda shiru take yi. Shafuka suna aiki, kwafi kuwa ya daina fita tun ranar sake kunnawa.

CloudLinux yana da nasa. A sigar 7 da 8 dole lambar kanel ta ƙunshi `lve`, sunan tsarin da ke sa wa kowane asusu iyaka. Idan na'ura ta tashi da kanel na CentOS ko AlmaLinux da ya rage a faifai, iyakokin da aka sa wa kowane asusu sun faɗi, shafi ɗaya mai cin ƙwaƙwalwa zai iya kwantar da kowa. `lsmod | grep lve` da `cldiag --all` za su nuna. A sigar 9 kanel ɗin AlmaLinux ake amfani da shi tare da mojul, don haka rashin `lve` a lambar ba laifi ba ne, mojul ɗin za ka duba.

Lamba ta tsufa, kanel bai tsufa ba

Manhajojin binciken tsaro, musamman na masu karɓar kuɗi ta kati, sukan ga 4.18 ko 5.14 su ce kanel ya tsufa. Red Hat da masu bin sawunsa suna riƙe lambar farko tsawon rayuwar siga, 4.18 a ta 8, 5.14 a ta 9, suna ɗauko gyare-gyaren tsaro suna zubawa a ciki. Lambobin bayan karan ne ke motsi. Hujjar da za ka ba mai bincike ita ce:

```
rpm -q --changelog kernel-core-$(uname -r) | grep CVE-2022-0847
```

da lambar ramin da yake magana a kai. A Debian kuma `uname -r` yana iya cewa 6.1.0-18-amd64 alhali ainihin sigar ita ce 6.1.76, wadda `uname -v` ke nunawa. Wannan uzurin bai shafi CentOS 7 ba: tallafinsa ya ƙare ranar 30 ga Yuni 2024, na CentOS 8 tun 31 ga Disamba 2021. A kansu lambobi uku suna iya zuwa daidai, gargaɗi ya yi shiru, alhali shirun na rashin sabuntawa ne.

Kuma a sabar da mutane da yawa ke rabawa, jinkirin sake kunnawa ba ƙaramin abu ba ne. Ramuka irin Dirty COW na 2016 da Dirty Pipe na 2022 suna ba mai ƙaramin asusu damar zama `root`. A irin wannan sabar, tsohuwar filogin ɗin WordPress guda ɗaya ta isa ta ba ɓarawo ƙaramin asusun.

Sake kunnawar kanta

Kada ka fara sai ka buɗe konsol ɗin waje ka ga yana aiki: IPMI, iDRAC ko iLO a ƙarfe, VNC na dashbod a na'urar haya. Tabbatar kana da kalmar sirrin `root`, domin mabuɗin SSH ba ya amfani a konsol. Duba `findmnt --verify` saboda layin `fstab` da ya lalace yana tsayar da tashi, `cat /proc/mdstat` don kada ka kashe na'ura RAID yana tsakiyar gyara kansa, da `systemctl is-enabled` a kan sabar yanar gizo, MariaDB da SSH. A zaɓi lokaci da agogon masu shafukan: sabar da ke Jamus ko Amurka tana iya kasancewa a kan UTC, Najeriya da Nijar kuma suna gaba da UTC da awa ɗaya.

Idan kana shakkar sabon kanel, gwada shi sau ɗaya tak. Bar tsohon a matsayin zaɓin dindindin, ka ƙara wa sabon `panic=10` domin ya sake kunna kansa bayan daƙiƙa goma idan ya faɗi:

```
grubby --update-kernel=/boot/vmlinuz-SIGA --args="panic=10"
grub2-reboot 0
shutdown -r +1
```

Lambar 0 ita ce `index` ɗin sabon kamar yadda `grubby --info=ALL` ya nuna. A Debian da Ubuntu `grub-reboot` ne. Dabarar tana da iyaka: idan `/boot` yana kan RAID na manhaja ko LVM, GRUB ba ya iya goge alamar "sau ɗaya" da kansa, sai ya yi ta komawa sabon. Haka kuma ba ta ceton na'urar da ta tashi lafiya amma katin sadarwarta bai samu direba ba. Wannan sai konsol.

Bayan ta tashi, `uname -r`, `systemctl --failed`, `journalctl -k -b -p err`, `dkms status`, sannan ka buɗe shafi ɗaya ko biyu, ka tura imel na gwaji, ka sa manhajar kwafi ta yi aiki ɗaya a gabanka. Idan komai ya yi, mayar da sabon zaɓin dindindin da `grubby --set-default`. A WHM sakamakon Security Advisor ba ya sabunta kansa nan take. Danna maɓallin sake bincike, ko ka buga `whmapi1 system_needs_reboot` ka ga abin da ya rage a jerinsa. Tsohon kanel kuma a bar shi a faifai har sabon ya yi aƙalla mako guda yana ɗaukar nauyin aiki na yau da kullum.